Daga falo zuwa makaranta: amsa ga ƙanwata ta Kubwa mai koyar da rawar Larabawa

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Na karanta saƙonki sau biyu kafin in zauna rubuta amsa. Kin ce kin yi shekara biyu kina koyon rawar Larabawa, wadda ake kira rawar ciki, kuma yanzu ƙawayenki biyar na zuwa falonki a Kubwa duk ranar Asabar kina koya musu. Kina son abin ya zama makaranta sosai. Kin tambaye ni ko ki kama hayar wuri, ko ki fara talla a Instagram, da yadda za ki yi da bakin mutane, tunda har gwaggonki ta fara cewa wannan ba sana'ar 'yar mutunci ba ce. A ƙarshe kika ce, “Anti, yaya taki ta girma?”

Tawa a kan amana ta girma, kuma sau ɗaya da amanar ta fashe, saura ƙiris makarantar ta mutu. Matar da ta shigo ɗakinki ta cire mayafi, ta ɗaura gyale a ƙugu, ta tsaya gaban madubi tana koyon motsin da ko ƙanwarta ba ta taɓa ganin ta yi ba, ajiyar mutuncinta ta ba ki. Kuɗin da ta biya ƙaramin abu ne a kan wannan. Duk shawarar da zan ba ki, ta haya ce ko ta talla, daga nan ta taso.

Bari in fara da gwaggo, don ruwa ba ya tsami banza. Abin da ta sani game da rawar nan shi ne abin da ta gani a talabijin: mace cikin 'yar riga mai ƙyalli, ciki a waje, maza na zaune suna kallo. Akwai wannan, kada ki yi mata musu. Amma reshe ɗaya ne, kuma ba shi ne tushen ba. Ni a Alƙahira na koya, lokacin da nake karatun gashin ƙashi da motsa gaɓoɓi. Ranar da na fara ganin rawar da idona, daren lallen 'yar maƙwabciyarmu ne, mata zalla a wani ɗan falo a hawa na huɗu. Wata dattijuwa mai jiki, da doguwar riga har idon sawu, ta karɓi ɗankwalin jikarta ta ɗaura a ƙugu. Ba ta gusa daga inda take tsaye ba, wurin da ta yi rawar bai fi faɗin dardumar salla ba. Tafin ƙafarta daram a ƙasa, fuskarta a sake, ƙugun ne kawai ke amsa ganga, duk inda makaɗiya ta buga sai ya sauka a kai. Mata suka yi ta rangaɗa guɗa irin tasu. Wannan suke kira baladi, wato ta gida. Wadda ake yi a dandali kuwa raƙs sharƙi suke ce mata, rawar gabas. Babu kalmar ciki a ko ɗaya. Turawan Faransa ne suka laƙa mata wannan suna, ya kuma bazu a Amurka bayan baje kolin duniya da aka yi a Shikago a 1893, inda aka kai 'yan rawa daga ƙasashen Larabawa.

Misirawan kansu sun daɗe da irin damuwar gwaggonki. A 1834 Muhammadu Ali Basha, mai mulkin Masar a lokacin, ya hana 'yan rawar titi, waɗanda ake kira gawazi, yin wasa a Alƙahira, da yawansu suka koma kudancin ƙasar. A gefe guda akwai awalim, mata masana waƙa da kiɗa, waɗanda manyan gidaje ke gayyata su yi wa mata wasa a sashensu. Salon dandali ya zo daga baya. A 1926 Badi'a Masabni ta buɗe gidan wasanta a Alƙahira, daga wurinta fitattu irin su Tahiya Kariyoka da Samiya Gamal suka fito, finafinan Masar kuma suka kai su ko'ina. A 1959 Mahmud Reda da Farida Fahmi suka kafa ƙungiyar Reda, wadda ta ɗauko raye-rayen karkara ta ɗora a dandali cikin suturar mutunci, har magidanci ya iya ɗaukar iyalinsa su je kallo. Har gobe a Masar, gidan da kowace mace ke taka rawa ranar biki, shi ne gidan da ba zai yarda 'yarsa ta zama 'yar rawar otal ba.

Na kawo miki wannan ne don ki iya zama gaban gwaggo ki gaya mata wanne reshe kika riƙe. Ki tuna mata cewa mu ma muna da namu. 'Yan mata sun yi gaɗa a dandali, amare sun sha kiɗan shantu, iyayenmu sun kifa ƙwarya a kan ruwa sun yi amada a tsakar gida ba namiji ko ɗaya. Marigayiya Barmani Choge, wadda ta rasu a 2013, da kiɗan ƙwarya ta yi suna, kuma mata ta fi yi wa wasa. Gyalen nan mai 'yan ƙarafa da muke ɗaurawa, aikin jigida yake yi, yana nuna inda ƙugu ya nufa. Bayan kin gama bayani, ki gayyace ta ta zo ranar Asabar ta zauna a kujera. Ni haka na yi da mahaifiyata. Gani ya kori ji.

Maganar addini kuwa, kada ki mai da kanki mai ba da fatawa. Malamai sun yi saɓani a kan kiɗa, akwai masu tsanantawa, akwai masu sassauci ga mata a tsakaninsu, musamman da ganga a lokacin biki. Kowace ɗaliba tana da malamin da take bi, ki girmama hakan. Wasu daga cikin ɗalibaina sun ce ba sa son kiɗa mai tsirkiya ko busa, sai na ware musu aji guda da ganga kaɗai, kuma yau shi ne ajin da ya fi cika. Ba wadda ke buɗe cikinta a wurina. Riga mai ɗan kama jiki da wando da gyale sun isa malama ta ga abin da take son gani. In lokacin salla ya yi, a kashe kiɗa.

Abu biyu ne nake roƙonki kada ki yi wajen sayar da karatun. Kada ki ɓoye sunansa ki ce motsa jiki ne kawai, don ranar da miji ko uwa suka ji ainihin abin daga wani baki, ke za a kira maƙaryaciya. Ki ce rawa ce, ta mata zalla, kuma motsa jiki ce. Na biyu ya fi muhimmanci: kada ki tallata shi da sunan sirrin mallakar miji. Na san wannan talla tana kawo mutane da gudu, na ga masu yi. Amma alkawari ne da ba ki da ikon cikawa, kuma matar da ta zo da wannan buri, in gida bai gyaru ba, kanta za ta zarga. Da yawa daga matan da za su zo miki sun shekara goma suna hidimar miji da yara da ofis, ba su da awa ɗaya da za su ce tasu ce. Ki bar wannan awa ta zama tasu. Masu sayar da kayan mata za su nemi ki ba su minti biyar a ƙarshen aji, har da kaso za su yi miki tayi. Ki ba su haƙuri.

Batun haya: kada ki kama yanzu. Mutum biyar ba sa biyan hayar Abuja, inda mai gida zai ce kuɗin shekara gaba ɗaya, wani ma shekara biyu, ga na dillali da na lauya a kai. Ki zauna a falonki sai kin samu mata goma zuwa goma sha biyu da suka biya zango biyu a jere. Daga nan ma hayar awa za ki nema, kamar zauren makarantar yara ranar Asabar. Ni da mata huɗu na fara a falona a Gwarinpa, muka yi sama da shekara muna ture kujeru gefe. Daga baya na kama awa biyu a wani gidan motsa jiki a Wuse II, wata uku kawai na yi na kwashe kayana. Ƙofar gilashi ce, akwai kyamarar tsaro a saman kusurwa, kuma duk lokacin da aka ɗauke wuta sai wani ma'aikaci ya ratsa ta cikinmu zuwa wurin janareta. Matan ba su ce min komai ba, sai dai na ga kafaɗunsu sun ƙi sakewa, kowace ido na kan ƙofa.

Saboda haka in za ki duba wuri, ki je a daidai lokacin da za ki riƙa yin aji. Ki tsaya a waje ki leƙa ta taga ki ga abin da mai wucewa zai gani. Ki ɗaga kai ki nemi kyamara. Ki tambayi wa da wa ke da makulli. Ki duba banɗaki da wurin alwala, da hasken wurin ajiye mota in dare ya yi. Sannan ki duba ƙasa. Tayil a kan siminti yana cin gwiwa da diddige in ana girgiza a kai mako bayan mako, kafet kuma yana riƙe tafin ƙafa lokacin juyi har gwiwa ta murɗe. Katako ya fi, in bai samu ba shimfiɗar roba mai santsin sama. Sifika mai caji ta fi miki babbar sifika, fanka mai caji kuma dole ce daga Fabrairu zuwa Afrilu.

Yanzu ga abin da na ce ya kusa kashe makarantar. A shekararmu ta uku mun kai mu ashirin da biyar. Wata ɗaliba, yarinya mai kirki, ta jingine wayarta a jikin jaka ta ɗauki kanta tana rawa, ta sa a sitatus ɗinta na WhatsApp. Kanta kawai ta nufa. Amma madubi ya ɗauko wata matar aure a bayanta, ba ɗankwali. Ƙanwar mijin matar ta gani, kafin gari ya waye hoton ya isa wurin uwar miji. Da asuba matar ta kira ni tana kuka, har yau ina jin muryarta. Cikin wata guda mata goma sha ɗaya suka daina zuwa. Laifin nawa ne, don na faɗi dokar waya da baki amma ban tsaya a kanta ba, ina jin nauyin karɓar wayar babbar mace. Na ɗauki mahaifiyata muka je gidan muka ba da haƙuri, na rufe aji mako biyu. Matar ba ta sake dawowa ba, kuma ban ga laifinta ba. Sauran, wasu sai bayan shekara suka dawo.

Tun daga ranar akwai kwando a bakin ƙofa. Kowace waya a ciki take kwana har a tashi, har da tawa, har da agogon hannu mai kyamara. Kiɗa daga wata tsohuwar waya yake fitowa, wadda na liƙe idon kyamararta. Nas-nas da likitoci da masu jarirai a gida, yarinyar da ke tsaron ƙofa ce ke riƙe wayoyinsu, in an kira ta leƙo ta yi musu alama su fita waje su amsa. Kowace sabuwar ɗaliba tana sa hannu a takarda cewa ta yarda. Matar babban mutum ta taɓa cewa ita ba ta rabuwa da wayarta, na mayar mata da kuɗinta a take. Ki kafa wannan tun kuna ku shida, ƙanwata, tun suna ƙawayenki. Ya fi sauƙi a kan ki ƙaƙaba shi bayan ɓarna.

Wannan ya amsa miki rabin tambayar Instagram. Ki buɗe shafi in kina so, amma jikin ɗaliba kada ya hau, ko bayanta ne, ko ƙafarta. Zanen lalle da zobe sun isa a gane mace a garin nan. Ki sa hoton gyale da ganga, da jadawalin aji, da ɗan rubutu kan tarihin rawar. Kada ki sa adireshi. Duk wadda ta rubuto, ki kira ta ki ji muryarta kafin ki kwatanta mata wuri, don maza na rubutowa da sunan mata, wannan ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba. Mafi yawan ɗalibaina da suka daɗe, wata ce ta riƙo hannunsu ta kawo su. Wadda ta kawo ƙawarta ta riga ta tsaya mata, ta kuma tsaya miki.

Sai karatun kansa, don amana ba ta riƙe mace in ba ta ga tana ƙaruwa ba. Shekara biyu sun ishe ki koyar da 'yan farko, da sharaɗin ke ma ba ki daina neman malama ba. Ki tsara zango na mako takwas, kowace ta san inda aka faro da inda za a kai. Makon farko duka a tsayuwa yake tafiya: gwiwa a sake ba a kulle ba, ƙugu a tsaye a ƙarƙashin jiki, ƙirji a ɗage, kafaɗa a sauke. A nan matanmu suka fi shan wuya, don raye-rayen da muka saba a biki ana ɗan sunkuyawa ne a tura baya. In aka kawo wannan tsayuwa cikin rawar Larabawa, ciwon baya ne zai biyo. Kunnen kiɗa kam Allah ya ba mu, ƙugu ma ba ya ba mu wahala. Abin da ke ɗaukar lokaci shi ne hannuwa, da raba motsin ƙirji da na ƙugu, da iya tsayawa cak a bar gaɓa ɗaya ta yi magana. Sai kuma kallon ƙasa. Akwai wadda sai a mako na biyar ta fara ɗaga ido ta dubi kanta a madubi, kuma ranar da ta yi hakan na fi murna a kan ranar da ta iya girgiza.

Na sa wa motsi sunaye da Hausa don su zauna a ka: sakin ƙugu, zanen takwas, tafiyar raƙumi, girgiza. Girgizar daga gwiwa take tasowa, gwiwoyi na musayar gaba da baya a hankali, naman jiki kuma a sake shi ya bi. Mai ƙanƙame ciki tana son ta yi da ƙarfi, minti ɗaya za ta gaji. Kiɗan ma ki koya musu shi da baki da tafi kafin ƙafa ta motsa. Gangar da ake kira tabla ko darbuka murya biyu gare ta, dum a tsakiya, tak a baki. Maƙsum shi ne dum tak, tak dum, tak. Baladi kuwa dum dum, tak dum, tak. Sa'idi, na kudancin Masar, dum tak, dum dum, tak. Tsakanin baladi da sa'idi, dum biyun nan ne kawai ke sauya wuri, amma mai rawar da ba ta jin bambancinsu motsi kawai take yi a kan kiɗa. Sa'idi ne ɗalibaina suka fi so, ina jin don ana busa masa mizmar, wadda ƙanwar algaitarmu ce a murya. Da shi ake rawar sanda, wadda mata suka aro daga tahtib, wasan sanda na mazan yankin da UNESCO ta sa cikin jerin al'adun duniya a 2016. Duk lokacin da na raba sanduna, sai wata ta ce ai wannan ta ga irinsa wurin Fulani.

Ta fuskar lafiya, ki faɗi gaskiya ko da ba ita ake son ji ba. Tambayar farko da za a yi miki ita ce, “Malama, zai rage min tumbi?” Babu motsin da ke narkar da kitsen wuri guda shi kaɗai. Abin da rawar ke yi shi ne ƙarfafa naman ciki da na baya da na cinya, ta gyara tsayuwa, ta sa jini ya zaga ba tare da tsalle mai dukan gwiwa ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce baligi na buƙatar aƙalla minti 150 na matsakaicin motsa jiki a mako. Aji biyu na awa ɗaya minti 120 ne, sai a cike da tafiyar ƙafa, a kuma duba abin da ake ci. Ki yi 'yar takarda da kowace za ta cike: hawan jini, ciwon gwiwa ko baya, juna biyu, haihuwa ta kusa, tiyata. Mai jego ba na karɓarta sai ta yi arba'in ta kuma je awon mako shida, wadda aka yi wa aiki kuwa sai likitanta ya yarda. Wasu bayan haihuwa naman cikinsu yana rabewa a tsakiya, in ta kwanta ta ɗago kai za ki ji yatsu biyu ko fiye suna nutsewa a saman cibiya. Irin wannan ba a fara ta da tafiyar raƙumi ko lanƙwasa baya, a tura ta wurin masu gashin ƙashi tukuna. Gajiyar nama daban, zafi mai suka a gaɓa daban, in na biyun ya zo a tsaya.

Jama'ar da kika ji ana cewa makarantata na da ita, ba ni na gina ta ba. Ni dai na bar minti goma sha biyar a ƙarshen aji, na ajiye zoɓo, ban kori kowa ba. Sauran su suka yi. Wata tela a cikinmu ta fara sayo duwatsu da 'yan ƙarafa a kasuwar Wuse tana ɗinka mana gyale, yau sana'arta ce. Nas ɗin cikinmu ta fara zuwa da abin awon jini, ta gano hawan jinin mata biyu da ba su san suna da shi ba. Adashi ya taso ba da shawarata ba, na dai ce kada kuɗin ya bi ta hannuna, kuma ke ma kada ki yarda ki zama uwar adashi, don ranar da wata ta ci ta ɓace, makarantar za a kama. Ana zuwa barka, ana zuwa suna. Da mijin ɗaya daga cikinmu ya rasu, mata suka raba kwana a tsakaninsu suna kai abinci har aka yi bakwai, cikinsu har da 'yan uwanmu Kirista, Ibo da Tibi da Gbagyi, waɗanda suka yafa mayafi suka zauna zaman makoki tare da mu. Lokacin kullen korona, da aka rufe Abuja a ƙarshen Maris na 2020, mun koma Zoom, ni kaɗai ke buɗe kyamara. Rabin lokacin a gaisuwa da tambayar lafiyar yara yake tafiya, kuma shi ya riƙe mu har aka buɗe gari.

Ƙarshen kowane zango muna yin abin da Larabawa ke kira hafla, ɗan biki namu mu kaɗai. Kowace ta zo da abin da ta iya, masa, dambun nama, kunun aya, kuma kowace tana da izinin gayyato mace ɗaya. Kwandon waya na nan a ƙofa, har baƙi. A wata hafla wata ɗaliba ta zo da kakarta daga Zariya. Tsohuwar ta zauna shiru tana kallo har aka kusa tashi, sannan ta ce a kawo mata ƙwarya da baho da ruwa. Ta kifa ƙwaryar, ta karɓi ludayi biyu, ta fara kiɗa tana waƙa. Matan da suka yi mako takwas ina fama da su su saki jiki, nan take suka saki. Tun daga lokacin ba a rufe hafla sai da amada.

Amma jama'a tana zuwa da nata ciwon, kuma a Abuja ciwon na aljihu ne. Mai zuwa daga Maitama da direba da mai hawa mota biyu daga Mararaba a layi ɗaya suke tsayawa. Shekarar da aka fitar da anko don hafla, mata uku suka ce ba su da lafiya ranar. Na gane dalili, na soke anko har abada. Gwal ma a jaka yake zama. Ina sauya layi duk bayan minti goma don kada gaban madubi ya zama na wasu. Zauren WhatsApp ɗinmu kuwa ba siyasa, ba wa'azi, ba talla sai ranar Laraba. Gulma in ta taso, ina kiran mutum biyun a gefe a ranar, ba na bari ta kwana.

Kuɗi: ki karɓa na zango gaba ɗaya tun farko, ta banki, ki rubuta. Biyan kullum-kullum yana sa ranar ruwan sama ki tashi da mutum biyu. Ƙawayenki biyar ma su fara biya, ko kaɗan ne, don abin kyauta ba a ba shi lokaci. In kin ga abin ya zauna, ki yi rajistar sunan kasuwanci a CAC, hukumar rajistar kamfanoni, ki buɗe masa asusu daban da naki. Ina ware gurbi biyu kyauta kowane zango, ba wadda ta san ko su wa ne sai ni. Ki sa a ranki cewa azumi hutu ne, Agusta ana tafiye-tafiye, Disamba kuma biki ke cinye Asabar, saboda haka kuɗin wata tara ne zai ɗauki nauyin goma sha biyu. Lokacin aji kuma hanya ce ke yanke shi. Ma'aikaciyar da ta taso daga sakatariya ƙarfe biyar ba za ta iso Kubwa ta yi rawa ba, Asabar da safe ce tata. Matan gida sun fi son ƙarfe goma na safe, bayan an kai yara makaranta.

Masu shirya biki za su neme ki, musamman yanzu da ake yayin daren Larabawa a bukukuwanmu, kuma kuɗin da za su ambata zai iya fin na zango guda. Ni ba na kai ɗalibaina, ni ma ba na zuwa. Ko an ce mata zalla ne, akwai mai ɗaukar hoto, akwai mai kiɗa, akwai waya ɗari a sama. Amarya in ta zo koyo don kanta ina koya mata, in gaya mata gaskiyar abin da waya ke yi, sauran shawara tata ce da danginta.

Ranar da ajinki ya wuce mutum goma sha biyar, idonki ba zai iya bin kowane ƙugu ba, a nan ake jin ciwo ba ki sani ba. Kada ki ƙara kujera, ki raba ajin biyu, ki fara renon mataimakiya daga cikin ɗalibanki. Ba wadda ta fi iya rawa za ki zaɓa ba. Ki duba wadda in sabuwa ta shigo tana raɓe-raɓe, ita ce ke matsa mata wuri ta ara mata gyale. Mataimakana biyu haka na same su, ɗaya yanzu tana da ajinta a Lugbe, ni na ba ta madubinta na farko.

Asabar mai zuwa, kafin ki kunna kiɗa, ki zaunar da ƙawayen nan biyar. Ki ajiye kwando, ki fara sa wayarki a ciki. Ki gaya musu zango na farko zai fara bayan mako biyu, ga kuɗinsa, ga abin da za a koya, kuma kowace tana iya kawo mace ɗaya da za ta iya tsaya mata. In kin gama tsara mako takwas ɗin, ki turo min in duba miki. Ki gaida gwaggo, ki ce ina gayyatarta haflarmu ta gaba tare da ke.